Sauke Ƙiba Da Sauƙi, Hana Ta Dawowa Ne Aiki

A watan Disamba na 2009 miliyoyin Amurkawa suka zuba wa talabijin ido suna kallon wani magidanci daga jihar Oklahoma, Danny Cahill, yana hawa sikeli. Wata 7 kafin wannan dare nauyinsa kilo 195 ne. Da lambobin suka tsaya, sai ga shi a kilo 87. Ya sauke kilo 108 daga jikinsa, fiye da buhu biyu na shinkafa, ya kuma tashi da kyautar dala 250,000 a gasar The Biggest Loser, shirin da ake tara masu ƙiba a ga wanda zai fi kowa ramewa. Ba mai cewa mutumin nan ba shi da ƙarfin zuciya. Aikinsa na awon filaye ma ajiye shi ya yi don ya samu lokacin motsa jiki, akwai kwanakin da yake kwashe awa 7 yana zuba gumi.

Bayan shekara 6, wani masani a hukumar binciken lafiya ta gwamnatin Amurka, Kevin Hall, shi da abokan aikinsa suka nemo mutum 14 daga cikin 'yan gasar suka sake auna su. Sakamakon ya fito a 2016. Mutum 13 nauyinsu ya sake hawa, 4 daga ciki har sun zarce inda suka faro. Idan aka yi raba-daidai, kowa ya zubar da kilo 58 lokacin gasar, kilo 41 suka dawo. Shi kansa Cahill ya ƙara fiye da kilo 45. Abin da ya fi ɗaukar hankalin masanan shi ne yadda jikin mutanen ya rage ƙona abinci: ko suna zaune ba sa komai, jikinsu yana ƙona kimanin kalori 500 a rana ƙasa da abin da ya kamata mai girman jikinsu ya ƙona. Na Cahill ya kai wajen 800. Ma'ana, idan ya ci daidai abin da wani mai nauyinsa ya ci, wancan zai tsaya inda yake, shi kuwa sai ya ƙaru.

Duk mai son yin magana a kan rawar da tunani ke takawa wajen rage ƙiba, daga nan ya kamata ya fara. An daɗe ana yaudarar mutane da cewa abin duk niyya ce, wanda ya kasa to rago ne ko maciyi. Wannan zance bai yi wa kowa adalci ba, kuma ilimi ya ƙaryata shi. Jikin ɗan Adam bai san bambanci tsakanin mai rage ƙiba da gangan da wanda fari ya cinye wa gona ba. Da zarar kitse ya fara raguwa, sai ya ɗauka yunwa ce ta shigo gari, ya shiga tsimi da tanadi.

A birnin Melbourne na Ostireliya an gwada wannan a fili. Wasu likitoci ƙarƙashin Joseph Proietto suka sa mutum 50 a kan abinci ɗan kaɗan na tsawon mako 10, waɗanda suka kai ƙarshe suka zubar da kimanin kilo 13 kowanne. Da aka auna jininsu bayan shekara guda, sai aka tarar sinadarin girelin, wanda ciki ke aikawa ƙwaƙwalwa ya ce mata ana jin yunwa, yana nan sama da yadda yake kafin a fara. Shi kuwa leftin, wanda kitse ke fitarwa don ya shaida wa ƙwaƙwalwa akwai ajiya, yana ƙasa. Mutanen da bakinsu suka ce yunwa ta fi damun su fiye da da. Wani lissafi da Hall da abokansa suka yi ya nuna duk kilo ɗaya da mutum ya zubar yana ƙara masa sha'awar cin kimanin kalori 100 a kowace rana. Mai kilo 10 a ƙasa ke nan yana fama da kiran abinci da maƙwabcinsa bai san da shi ba.

Tun 1944 aka ga yadda yunwa ke juya kan mutum. A Jami'ar Minnesota, Ancel Keys ya tara samari 36 lafiyayyu da suka ba da kansu don bincike, aka rage musu abinci da kusan rabi na tsawon wata 6, har suka zubar da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na nauyinsu. Samarin da a da ba ruwansu da kicin suka koma tara littattafan girke-girke, hirarsu abinci, mafarkinsu abinci, ga saurin fushi da baƙin ciki. Da aka sake musu mara, wasu suka riƙa ci har ya fi ƙarfin cikinsu. Mai horar da kansa da yunwa don ya rame cikin gaggawa wannan hanyar yake bi, ko ya sani ko bai sani ba.

To, idan haka jiki yake, ina amfanin maganar tunani? Amfaninta ma a nan ya fi fitowa. Tunda jiki zai ci gaba da ja baya shekara da shekaru, mutumin da zai ɗore shi ne wanda ya shiga da shirin zama, ba wanda ya sa wa kansa ranar gamawa ba. Kuma akwai irin waɗannan mutane, an ma san halayensu.

A 1994 wasu masana biyu, Rena Wing da James Hill, suka buɗe rajista ta musamman a Amurka. Sharaɗin shiga shi ne mutum ya zubar da aƙalla kilo 13 da rabi, ya kuma riƙe hakan shekara guda. Sama da mutum 10,000 suka shiga. A matsakaici kowa ya sauke kimanin kilo 30 ya riƙe fiye da shekara 5. Hanyoyin da suka bi wajen ramewa sun sha bamban, wasu da taimakon asibiti ko ƙungiya, wasu su kaɗai. Amma yadda suke rayuwa bayan sun rame ya yi kama da juna sosai. Kashi 78 cikin 100 suna karya kumallo kullum. Kashi 75 suna hawa sikeli aƙalla sau ɗaya a mako. Kashi 90 suna motsa jiki kimanin awa ɗaya a rana, kuma abin da suka fi yi tafiya ce a ƙafa, ba wani ɗaga ƙarafa ba. An kuma lura waɗanda cinsu na ranar hutu da ranar biki bai bambanta da na sauran kwanaki ba sun fi riƙe nauyinsu.

Babu abin burgewa a wannan jeri, kuma shi ya sa ba ya sayuwa a kasuwa. Ba wanda zai buɗe shafi a Instagram ya tara mabiya da cewa a riƙa karya kumallo ana tattaki shekara goma. Amma akwai albishir a ciki: Wing da abokan aikinta sun ga cewa wanda ya riƙe sabon nauyinsa shekara 2, haɗarin komawarsa baya yana raguwa sosai. Wahalar ba ta ƙarewa, sauƙi take yi, domin abin da a da sai an yi masa ɗamara ya zama al'ada.

Nawa ne tsawon lokacin da al'ada ke ɗauka kafin ta zauna? Ana yawan cewa kwana 21, amma binciken da Phillippa Lally ta yi a Landan da mutum 96 ya nuna kimanin kwana 66 ne a tsaka-tsaki, wasu kwana 18 ya ishe su, wasu kuwa lissafi ya nuna sai sun kai kwana 254. Wani abu da ta gano ya fi wannan muhimmanci: tsallake rana ɗaya bai rushe ginin ba. Wanda ya fasa yau ya koma gobe, al'adarsa ta ci gaba da kafuwa.

Wannan batu na tuntuɓe shi ne inda yawancin masu rage ƙiba ke faɗuwa, kuma a nan tunani ke yin aikinsa mafi girma. A 1975 wani masanin halayyar ɗan Adam, Peter Herman, da abokiyar aikinsa suka gayyato ɗalibai mata da sunan ɗanɗana askirim. Kafin a kawo askirim ɗin, aka bai wa wasu madara mai zaƙi da kauri suka sha, wasu kuwa ba a ba su komai ba. Waɗanda ba sa takura wa kansu a kan abinci suka yi abin da hankali zai ɗauka: wadda ta sha madara ta ci askirim kaɗan, tunda cikinta ya ɗauka. Masu takura wa kansu kuwa sai suka yi akasin haka, wadda ta sha madara ita ta fi cin askirim. A zuciyarta doka ta riga ta karye, saura me? Herman da Janet Polivy sun shafe shekaru a Jami'ar Toronto suna nazarin wannan hali, kuma duk wanda ya taɓa cewa "tunda na ɓata yau, bari in ci in more, Litinin na sake sabon lale" ya san shi ciki da waje. Faranti ɗaya na shinkafa a gidan suna bai isa ya dawo da kilo 10 ba. Mako uku na fid da rai da ke biyo bayansa su ke dawo da shi.

Maganin wannan kuwa ya saɓa wa abin da mutane suka saba zato. A 2007 wasu masana a Amurka, Claire Adams da Mark Leary, suka sa 'yan mata masu kiyaye abinci suka ci donat, sannan aka ce wa wasu daga cikinsu kada su tsananta wa kansu, kowa yakan ci irin wannan wani lokaci. Da aka ajiye musu alewa daga baya, waɗanda aka kwantar wa da hankali su suka fi cin kaɗan. Haka wani nazari na 2013 da ya bi sawun Amurkawa sama da 6,000 ya nuna waɗanda ake wulaƙantawa saboda jikinsu sun fi faɗawa cikin matsananciyar ƙiba da kusan ninki biyu da rabi. Miji mai yi wa matarsa gori a kan teɓa bayan haihuwa uku, da abokan da ke kiran mutum da sunan tumbinsa a majalisa, su sani ba taimako suke yi ba. Kunya tana kora mutum ɗaki ne, shi da kwanon abinci, tana kuma hana shi fitowa tattaki don gudun idon jama'a.

A ƙasar Hausa akwai ƙarin wani nauyi da mai rage ƙiba ke ɗauka wanda ɗan Amurka bai san shi ba. Mu nan ƙiba yabo ce. Idan mutum ya yi tumbi sai a ce, "Alhaji, hutu ya karɓe ka." Amarya ta yi wata uku ba ta ciko ba, dangi sun fara tambayar ko angon yana kula da ita. Har yau akwai 'yan matan da ke sayen ƙwayoyin da ake kira sha-ka-fashe, waɗanda a cikinsu akan samu irin su dexamethasone, maganin da aka yi don kumburi da asma, wanda shan sa barkatai ke tayar da sukari da hawan jini, ya kuma raunana ƙashi. Ita kuma matar da likita ya ce ta rage nauyi saboda gwiwa ko sukari, da ta sauke kilo 6 za ta fara jin "Hajiya, lafiya kika rame haka?" daga bakin kowa, wasu har da kallon tausayi. Ga kuma kara: ka je gidan mutum a ajiye maka tuwo malmala uku da lemon kwalba, ka ci kaɗan a ce ka raina. Wanda bai shirya amsar da zai bayar a irin wannan wuri ba, cikin ladabi kuma ba tare da jin kunya ba, ba zai kai wata biyu ba. "Na gode, Inna, likita ne ya hana ni" ta fi ƙarfin duk wani shayin rage ƙiba da ake tallatawa a waya.

Su kuma waɗannan shayin da garin magani, da yawansu abin da suke yi shi ne sa gudawa da yawan fitsari. Sikeli zai sauka, amma ruwa ne ya fita, kitse yana nan daram, ƙoda kuma ita ke biyan kuɗin. Abin da ke sa su karɓuwa shi ne sun dace da tunanin da ya fi yawa: akwai biki nan da mako shida, a rame a shiga anko. Buri mai ranar ƙarewa kuwa, ranar da ya cika ranar ake komawa gidan jiya.

Watan azumi ya isa misali. Nazarce-nazarcen da aka tattara daga ƙasashen Musulmi da dama sun nuna mutane kan sauke kimanin kilo ɗaya ko fiye kaɗan a Ramadan, sannan mafi yawansa ya dawo cikin 'yan makonni bayan Salla. Wannan ba laifin azumi ba ne, ai ba don rage ƙiba aka wajabta shi ba. Abin lura shi ne mutumin da ya iya haƙura da ruwa awa 14 a zafin Kano ko Maraɗi ba a ce masa marar juriya. Juriyar tana nan. Abin da ya rasa shi ne tsarin da zai bi a sauran wata 11, lokacin da babu kiran sallar magariba da zai tsara masa ci, babu kuma dukan gari da ke yi tare da shi. Koyarwar addini da ta ce a raba ciki uku tsakanin abinci da ruwa da numfashi kowa ya haddace ta, aiki da ita a kan faranti ne ya yi ƙaranci.

Sai kuma batun abin da mutum ya ɗauka nasara. Mai kilo 110 da ya ƙudurta sai ya koma kilo 70 na lokacin samartaka, idan ya tsaya a 101 zai ga ya faɗi, ya watsar. Alhali a ma'aunin lafiya ya ci riba babba. A 2002 aka wallafa sakamakon wani gagarumin gwaji a Amurka kan mutum 3,234 da ke dab da kamuwa da ciwon sukari. Aka bai wa wasu maganin metformin, wasu kuma aka ɗora su a kan buri mai sauƙi: su rage kashi 7 cikin 100 na nauyinsu, su yi tafiya mai ɗan sauri minti 150 a mako. Maganin ya rage kamuwa da ciwon da kashi 31. Sauyin rayuwar ya rage shi da kashi 58. Kashi 7 ga mai kilo 100 kilo 7 ne kacal, minti 150 kuwa rabin awa ne sau biyar a mako, kamar daga gida zuwa masallacin Juma'a ko kasuwar unguwa ga mutane da yawa. Wanda ya mayar da hankalinsa kan lambar sukari da hawan jini da yadda yake hawa bene ba tare da haki ba, yana da abin da zai riƙa ƙarfafa masa gwiwa a makonnin da sikeli ya ƙi motsi, kuma irin waɗannan makonni dole su zo.

Ko sababbin allurai da ake ta yayatawa ba su kawar da wannan gaskiya ba. Semaglutide, wanda ake sayarwa da sunan Ozempic da Wegovy, ya sa masu gwaji sun sauke kusan kashi 15 cikin 100 na nauyinsu a mako 68, abin da ba a saba gani daga magani ba. Da aka bi sawun wasu daga cikinsu shekara guda bayan sun daina, kashi biyu cikin uku na abin da suka zubar ya dawo. Shi ya sa likitoci yanzu ke kallon ƙiba kamar yadda suke kallon hawan jini: lalura ce da ake lallaɓawa tsawon rai. Mai hawan jini da ya ga awonsa ya daidaita ba ya cewa ya warke ya zubar da magani, idan ya yi haka kuwa kowa ya san abin da ke biyo baya.

Ba daidai ba ne a ɗora komai a kan tunanin mutum ɗaya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2022 mutum ɗaya cikin 8 a duniya yana da matsananciyar ƙiba, adadin manya masu ita ya ninka fiye da sau biyu tun 1990. Ba zukatan mutane ne suka raunana gaba ɗaya cikin shekara 30 ba, abincin ne da zaman suka sauya. A biranenmu taliyar leda da farin burodi da lemon kwalba sun fi zogale da wake da acca sauƙin samu a bakin titi, adaidaita-sahu da babur sun maye gurbin ƙafa. Kwalbar lemo ta rabin lita tana iya ɗaukar sukari wajen giram 50, kusan dukan abin da hukumar ta ce kada babba ya wuce a yini. Harajin naira 10 a kan kowace lita da Najeriya ta sa wa irin waɗannan abubuwan sha a dokar kuɗi ta 2021 bai kai ya sauya hannun mai saye ba. Mata da yawa kuma ba su da wurin da za su yi tattaki cikin sutura da kwanciyar hankali, abin da ya kamata ƙananan hukumomi da masu unguwanni su duba, ko da filin makarantar firamare ne a ware musu da safe. Akwai kuma waɗanda ƙibarsu ta samo asali daga matsalar maƙoƙo ko ta ƙwan mahaifa ko wani magani da suke sha, waɗannan asibiti ya kamata su fara zuwa kafin komai.

Duk da haka, abin da ke hannun mutum ba kaɗan ba ne, kuma bai buƙatar kuɗi. Mai karatu da ke son farawa ya samu zare ya auna tsawonsa, ya ninka zaren biyu, ya zagaya shi a cikinsa daidai saman cibiya kaɗan. Hukumar tsara ƙa'idojin lafiya ta Ingila ta ba da shawara a 2022 cewa kada kewayen ƙugu ya kai rabin tsawon mutum. Idan zaren bai haɗu ba, ya je a auna masa sukari da hawan jini, sannan ya zaɓi abu ɗaya da ya tabbata zai iya yi har baɗi war haka, ko barin lemon kwalba ne, ko rage malmala ɗaya a tuwon dare a cike gurbin da ganye, ko tattakin rabin awa bayan sallar asuba. Ranar da ya karya, ya koma kai a cin abinci na gaba, kada ya jira Litinin.